'Yan Kyanwa a Silin Iya Muyiwa

Ranar Laraba da la'asar Iya Muyiwa ta tare Salissou a bakin famfo, ko ledar da ke hannunsa bai ajiye ba. Ita ce mai gidan, gajeriyar tsohuwa mai faɗin ƙirji, wadda in ta riƙe ƙugu a tsakiyar lungun gidan ba mai wucewa sai ya karkace.

"Mala, buɗe kunne ka ji ni," ta ce da Hausarta ta 'yan Agege. "Asabar da safe mai feshi yana zuwa. Zai buga magani cikin silin, mu toshe rami. Duk abin da yake sama, ɓera o, kyankyaso o, ologbo ɗinka o, a wurin zai mutu. Na faɗa maka gaban mutane, kada gobe ka ce Iya ta yi mugunta."

Ologbo, wato kyanwa. Salissou ya ɗaga kai ya dubi silin, kamar abin da ake magana a kansa zai leƙo ya kare kansa.

"Iya, ki yi mini haƙuri zuwa wani sati. Ɗiyan mussa ne, ƙanana, walle ba su kai tahin hannuna ba."

"Ƙanana? Ƙanana ne suke kuka kamar jariri a kan ɗakin jikata? Tun da ka kawo su yarinyar nan zazzaɓi bai sake ta ba. Asabar na ce."

Ta juya ta shige ɗakinta ta saki labule.

Salissou mahauci ne, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, ya daɗe yana fawa a abbatuwar Agege har furfura ta fara fito masa a nan. Iyalinsa suna gida, sai azumi yake leƙa su. Ƙato ne, in bijimi ya yi gardama shi ake kira, ya kama ƙaho ya murɗe, kafin ka ce kwabo dabba tana ƙasa. A saninsa dabba ƙarfi take ji, kuma wannan sani bai taɓa ba shi kunya ba sai da ya haɗu da abin da bai kai nauyin burodin Agege ba.

Akwai wata kyanwa mai ido ɗaya da ta daɗe tana zagaya teburan mahauta, ba ta kowa ba ce. Da damina ta haihu a bayan shagon masu ƙiraga. 'Ya'yan sun yi wayo, har sun fara biyo ta suna cin ɗan abin da aka jefa, sai motar ɗaukar nama ta take uwar. Biyu suka rage, ɗaya ruwan toka, ɗaya jaja-jaja, suna laɓewa ƙarƙashin fatu, karnuka suna shawagi. Tausayi ya kama Salissou. Ga kuma ɓeraye da suka hana shi sakat a ɗaki, har ƙafarsa sun taɓa gwaguya yana barci. Ya ce a ransa jifa ɗaya tsuntsu biyu.

To, sai dai ya kama su yadda ya san ana kama dabba. Ya jefa musu buhu, ya damƙi kowacce a wuya, ya ƙulle bakin buhun ya hau keken haya da su. Da ya iso gida ya samo igiya ya ɗaure su a ƙafar gado kamar ragunan layya, wai in dabba ta kwana a turke ta san gida. Washegari da ya dawo daga aiki ya tarar sun cinye igiyar. Ya miƙa hannu, jar ta kafa masa haƙori a babban yatsa sai da ya ji shi a ƙashi. Kafin ya gama salati sun haye kan jakunkunan da ya jibge a kusurwa, sun shige wani rami da yoyon ruwan sama ya ɓula a silin.

Gidan irin na Legas ne, ɗakuna suna kallon juna, lungu ɗaya a tsakiya, saman silin kuwa a haɗe yake tun daga ƙofar gida har bayan gida. Sai ya zama Salissou ya kawo kyanwa ɗakin kowa. Dare na yi a ji gudu a kan mutane, a ji kuka siriri. A garinsu kyanwa abar so ce, ko a ruwan alwala ta sa baki ba a zubarwa. A gidan nan kuwa da yawa ba su ɗauke ta dabba kawai ba, musamman mai kuka da dare wadda ba a ganinta. Wani ya shafa man addu'a a ƙofarsa, wata ta daina amsa gaisuwar Salissou. Da jikar Iya ta kwanta zazzaɓi, ba a sha wahalar neman mai laifi ba.

Yammacin nan Salissou bai iya cin abinci ba. Shi da ya yanka shanun da ba ya iya tuna yawansu, bai taɓa jin nauyin rai ɗaya a wuyansa ba, domin da sunan Allah ake yi, kuma don ci. Wannan daban ne. Su suna zaman zamansu, shi ya ɗauko su, shi ya firgita su suka shige inda za a kashe su. Ya sha jin wa'azin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Tsoro ya kama shi sosai, kuma ban da tsoron, yana jin tausayinsu har cikin ƙirjinsa. Hawa sama ba zai yiwu ba, katakon silin ko yaro ba zai ɗauka ba balle shi. Ɓalle silin kuma Iya ta ce sai dai ya ɓalle da kayansa gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta rage, su sauko da ƙafarsu.

Ɗakin da ke kallon nasa na Kachollom ne, tela 'yar Filato, wadda kowa ke kira Maman Longji. Ita kaɗai ce a gidan ba ta tsoron kukan. Ta leƙo da tsinken ɗinki a bakinta, ta same shi tsaye ƙarƙashin ramin yana daka tsawa, "Mus! Mus! Ku sauko nan!"

"Baba Salissou, ko ni ka kira haka ba zan zo ba," ta ce. "Kyanwa ba saniya ba ne. A gidanmu a Bukuru mun yi kiwonsu da yawa. Zauna a ƙasa, ka yi ƙarami. Kada ka kalle shi cikin ido. Magana a hankali, kamar kana lallashin amarya."

"Maman Longji, ni ban iya lallashi ba."

"Za ka koya kafin Asabar. Kuma ji jikinka, jini kawai kake wari. Wane ƙaramin abu zai zo wurin mai warin jini? Wuƙaƙen nan da ka rataye, ɓoye su. Ka ba su madara da kifin gwangwani, ban da ɗanyen nama, shi yake sa su zama na daji."

Ta kawo masa sabulunta mai ƙamshin fure. Ya naɗe wuƙaƙen da yake ajiyewa a gida da ƙarfen washinsu cikin tsohon buhu, ya tura can ƙuryar ƙarƙashin gado. Ya samo dogon katako ya jingina daga bakin ramin zuwa kan jakunkuna, don a sami hanyar sauka. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, ya ajiye madara a murfin kwano. Ya ma raɗa musu suna don lallashin ya yi daɗin faɗi: mai ruwan tokar Toka, wadda ta cije shi Barkono.

"Toka, Barkono, ku yi haƙuri. Ni na yi laihi. Ku zo ku sha."

Shiru. Sai da ƙafafunsa suka yi tsami ya tashi zuwa masallaci, da ya dawo murfin kwano a lashe tas. Suna so, shi ne ba sa so.

Ranar Alhamis a abbatuwa, Abdulwahid, wanda teburinsa ke kusa da nasa, ya matso ya shinshina shi ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku ji! Salissou ya yi sabuwar amarya bai gayyace mu ba!"

Da ya ji labarin sai dariyar ta ragu. "Kai ma da neman magana. Ka san mutanen nan da kyanwa. Ka bar su a yi feshin mana, kyanwa ta ƙare a abbatuwa ne? Kada garin neman gira ka rasa ido, ɗaki a Agege yanzu ba wasa ba ne."

"Ba kai ka ɗauko su ba," in ji Salissou, ya ci gaba da fiɗarsa.

Yana tashi ya koma gida, ya sake wanka da sabulun fure, ya sake zama. Wannan karon ya ga idanu huɗu a bakin ramin, suna ƙyalli. Ya kau da kai kamar yadda aka koya masa, yana kallon bango yana surutu ƙasa-ƙasa, yana ba su labarin Tasawa da 'yarsa Surayya da ta fara zuwa lakwal, wato makarantar boko. Idanun suka daɗe suna kallonsa, amma ba wadda ta sa ƙafa a katako.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci abin ya kusa yiwuwa. Ya buɗe kifin gwangwani, ya ɗiɗɗiga mansa a kan katakon tun daga sama, ya ajiye sauran kusa da gwiwarsa. Yunwa ta fi tsoro ƙarfi a wurin Toka. Ta sauko tana lasa, ta tsaya, ta koma baya, ta sake saukowa, cikinta yana jan katako. Ya ga yadda ta rame, haƙarƙarinta a waje. Ta diro kan jaka, ta diro ƙasa. Ta iso bakin gwangwanin ta sa kai.

Salissou bai yi niyya ba, wallahi bai yi ba. Hannun ne ya tafi da kansa, hannun da tun yana saurayi aka koya masa cewa in dabba ta zo kusa, ka damƙe kafin ta canza shawara. Ya cafke ta a baya. Toka ta yi wata irin ƙara, ta murɗe, ta tsaga masa bayan hannu, ta zille. Ta haye katakon ko taɓa shi sosai ba ta yi ba. Gudunsu ya bi ta kan ɗakin Kachollom, ya wuce can ƙarshen gida, daidai kan ɗakin Iya.

Ya zauna yana kallon hannun nasa yana ɗigar jini a farar riga. Da na wani ne da ya mare shi.

"Ka kama shi, ko?" in ji Kachollom daga bakin ƙofa.

"Hannun ne ya kama ta."

"Hali zanen dutse," ta ce, ba da faɗa ba. Ta kawo masa auduga. Daga lokacin har gari ya waye ba a taɓa madarar ba, kifin ma ƙudaje suka gada.

Asabar da asuba dole ya tafi abbatuwa, akwai saniyar biki da ya yi alkawarin gyarawa. Ya yi aikin hankalinsa yana gida. Yana gamawa ya yanki ɗan huhu ya jefa a leda, don dai kada ya koma hannu rabbana, ya fita ko hannu bai wanke ba. Jirgin ƙasa ya tsare keken hayar da ya hau a mararraba, ya sauka ya ƙarasa da gudu, rigar aikinsa ta yi kaca-kaca da jini da kitse.

Tun daga nesa ya hango kaya a ƙofar gida. Tukwane, buhunan gari, katifu, duk an fito da su bakin titi. Mai feshin, wani siriri da ƙyalle a hanci, yana tsugune yana zuba magani cikin injin da ake goyawa a baya. Iya Muyiwa tana zaune kan kujera, jikarta a cinya an lulluɓe ta da zani.

"Iya, don girman Allah."

"Kada ka haɗa ni da Allah, Mala. Na ba ka lokaci. Shiga ka fito da abincinka da kayan sawarka. In ya gama haɗawa zai fara, kuma ta ramin ɗakinka zai sa bututu."

Ya shiga. Ya tsaya ƙarƙashin ramin ya kira su da ƙaramar murya, ya kira da babba. Ko motsi. Ya ɗaga huhun sama a tafin hannunsa. Shiru. Idanunsa suka yi zafi. Ya ce a ransa shi ke nan, ya kashe su, sai dai ya nemi gafara. Ya durƙusa ya fara jawo kaya daga ƙarƙashin gado, ya fizgo tsohon buhun nan da haushi. Bakin buhun ya kwance, wuƙaƙe suka zube kan siminti, babbar ta gogi ƙarfen washi ta yi ƙara.

Daga can nesa cikin silin wata 'yar murya ta amsa.

Salissou ya daskare. Ba irin kukan daren nan ba ne, wannan gajere ne, mai tambaya. Ya san shi. Ya sha jin sa da sassafe a abbatuwa, lokacin da mahauta suka jeru kowa yana wasa wuƙarsa kafin a fara aiki. Ƙarar washi na tashi, mai ido ɗaya za ta ɓullo daga bayan shagon ƙiraga, 'ya'yanta a bayanta, su tsaya gefen teburi suna jiran abin da za a jefo. A duniyarsu ba a kiran abinci da lallashi. Da wuƙa ake kiransa, kuma mai bayarwa warin jini yake yi. Shi kuwa ya kwana uku yana ɓoye musu duk abin da suka sani, yana zaune shiru cikin farar riga yana ƙamshin fure kamar baƙo.

Ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, ya ɗauki babbar wuƙar a dama, ƙarfen a hagu. Ya fara. Kyas, kyas, kyas, yadda yake yi kullum ba tare da tunani ba. Ya ji ƙananan ƙafafu sun taso daga ƙarshen gida, sun tsaya, sun sake tasowa.

A daidai lokacin Iya Muyiwa ta gaji da jira, ta miƙa jikar ga uwarta ta shigo ta ɗaga labulensa. Abin da ta gani shi ne ƙaton mutumin da ta gama yi wa faɗa, jini a rigarsa, idanunsa jajir, yana wasa wuƙa mai tsawon damtse.

"Obe! Mola ti yo obe o!" Ta saki labulen ta fita da baya tana ihu da Yarabanci cewa Bahaushe ya zaro wuƙa.

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san abin da wannan magana take iya haifarwa. Salissou ya sani fiye da kowa. Ya ji titi ya ɗauka, ya ji gudu, ya ji ana jan katako daga rumfar mai burodi. Hankali ya ce masa ya yar da wuƙar ya fita da hannu sama ya yi bayani. Ya tsayar da washin. A bakin ramin, kan Toka da ya fara leƙowa ya koma ciki. A waje mai feshi ya ja igiyar injinsa, injin ya yi tari ya mutu.

Salissou ya ci gaba da washi.

Kachollom ce ta riga kowa isowa. Ta dubi wuƙar, ta dubi inda idonsa yake, ta ga ɗan kunnen da ya sake ɓullowa a ramin. Ta juya masa baya ta tsaya a ƙofar, ta dafa katakon ƙofa hagu da dama. Lungun ya cika da samarin layi, wani da katako, wani da kwalba.

"Madam, comot for road!"

"Ba inda zan je. Ba mutum yake nema ba, kyanwa yake kira. Ku tsaya ku gani da idonku." Ta maimaita da Turancin Legas, ta maimaita da ɗan Yarabancin da ta iya, hannayenta ba su bar ƙofar ba.

Hayaniya ta cika gidan har bango yana amsawa. Salissou ya ɗauka wannan kaɗai ya isa ya kore su har abada. Amma waɗannan 'ya'yan abbatuwa ne, cikin ihun mahauta da kukan shanu aka haife su. Toka ta sa ƙafa a katako. Bai dube ta ba. Ya ajiye ƙarfen, ya ɗora huhun a kan murfin kwano ya yanki ɗan mitsitsi, ya wurga shi gefe ba tare da ya waiwaya ba, yadda ake yi a bakin teburi. Ta diro ta cafke. Ya sake yanka, ya wurga kusa da gwiwarsa. Bayansa yana jiran saukar katako, gumi yana shiga masa ido.

Injin ya sake tari, wannan karon ya kama, yana ruri a ƙofar gida.

Barkono tana bakin rami, ta ƙi sauka. Ya ɗauki ƙarfen ya sake gogawa a hankali, kyas, kyas. Ta dubi 'yar'uwarta tana ci, ta dubi mutumin da ya ɗaure ta da igiya. Ta sauko rabin katako ta tsaya tana huci, gashin bayanta a tsaye. Wani saurayi ya tura Kachollom har ta yi taga-taga, ta sake riƙe ƙofa. Salissou ya yanyanka sauran huhun duka ya zuba a cinyarsa, a kan rigar aikin. Sannan ya tura wuƙaƙen da ƙarfen ta ƙasa suka zame har ƙafar Kachollom.

"Maman Longji, ɗauki ki ba Iya ta riƙe."

Ya kwantar da hannayensa a kan gwiwoyinsa, tafin yana kallon sama.

Toka ta fara hawa. Ya ji ƙananan faratanta sun huda rigar. Barkono ta diro, ta zagaya shi, ta shinshina gwiwarsa, ta shinshina yatsan da ta ciza. Ya ji hannun yana so ya rufe, jijiyar damtsensa tana tsalle. Ya cije leɓe yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Barkono ta haye ta ture 'yar'uwarta ta sa baki a naman.

A hankali ya zura hannayensa ƙarƙashin gaban rigar, ya ɗago ta kamar mace ta ɗebo gyaɗa a zani. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Su biyun suka tsaya da ci, suka noƙe, amma ba su yi tsalle ba.

"Ku ba shi hanya," in ji Kachollom, tana ɗaga wuƙaƙen sama don kowa ya gani. "Ga wuƙa a hannuna. Ku ba shi hanya!"

Na gaba suka ga abin da ke cikin rigar, suka ja baya suna kallon juna. Ya bi ta tsakaninsu yana taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya kusa ƙofar gida ke nan wani saurayi da ya iso a makare, bai ga komai ba sai ƙaton mutum da jini a riga yana nufo Iya, ya ɗaga katako ya sauke masa a kafaɗa.

Zafin ya ratsa shi har yatsu. Duhu ya gilma masa. Barkono ta zabura ta kafa faratanta duka a damtsensa, kuma duk abin da ke jikinsa ya ce ya matse ta kafin ta gudu, ko ya saki rigar ya juya ya kama yaron nan yadda yake kama bijimi. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Hannayensa suka tsaya a buɗe ƙarƙashin rigar.

Barkono ta yi huci, ta dubi titi, ta dubi taron mutane. Sai ta saki damtsen ta cusa kanta cikin hammatarsa.

Iya Muyiwa tana tsaye a gabansa, ɗankwalinta ya zame. Sai yau ta ga abin da ya hana ta barci: 'yan abubuwa biyu, duk kunne da ido, ƙashi da fata, bakinsu dumu-dumu da huhu.

"Ha," ta ce a hankali. "Su ke nan?"

"Su ke nan, Iya."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya kan saurayin mai katako ta sauke masa duk abin da ke cikinta, ta haɗa da uwarsa da ubansa, har sai da ya yar da katakon ya sulale. Da ta gama ta gyara ɗaurinta, ta dubi Salissou ba tare da murmushi ba.

"Maganarsu ba ta ƙare ba, Mala. In an gama feshi za mu zauna." Ta ɗaga wa mai injin hannu. "Oya, shiga."

Salissou ya tsallaka titi ya zauna a bencin mai burodi. Ba a jima ba farin hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwanon rufi, ta kowane ɗan rami, tun daga kan ɗakinsa har ƙarshen gida inda 'yan kyanwar suka kwana jiya. Ya kalli hayaƙin, hawaye suka zubo masa, bai iya sharewa ba don hannayensa ba su da sarari.

Kachollom ta zo da ruwan zafi a kofi da tsumma. "Baba Salissou, bari in ga kafaɗan. Ya kumbura fa."

"Bar shi tukuna," ya ce da raɗa. "Kada ki motsa ni."

Ta leƙa. Toka ta yi barci a kan sauran naman. Barkono ta fito da kanta daga hammatarsa, ta riƙe babban yatsan nan da ƙafafunta biyu, tana lashe busasshen jinin saniya daga kan tabon haƙorinta.